In Kunna Ko In Kashe

Duk wanda ya sake cewa a gabana wai ƙanena Sagir ne ya hana layinmu na Ƙofar Kwaya sabon taransifoma, wallahi sai na zaunar da shi ya ji labarin tun daga tushe, ko da mota yake saurin kamawa. Na gaji da jin wannan magana a gidan suna da gidan biki. Sunana Suwaiba, ni ce babba a ɗakinmu, ni na goyi yaron nan, kuma na san abin da aka yi masa da waɗanda suka yi.

Mahaifinmu, Malam Aliyu, Allah ya ji ƙansa, tela ne. Yana da keken nan mai amfani da wuta da ake yi wa wuyan riga ado, saboda haka abincin gidanmu a hannun masu kawo wuta yake. In an kawo, zaure ya cika da ƙarar keke. In an ɗauke, Baba ya zauna yana tsaki yana kallon ƙwan fitila. Sagir shi ne autanmu, kuma tun bai shiga firamare ba yake zama kusa da Baba yana taya shi kallon ƙwan. Da ya ɗan tasa sai ya fara baƙin surutu. Ka ji ya ce, "Baba, yau Talata, ba za su kawo ba sai bayan la'asar, ka je kasuwar zarenka ka dawo." Baba ya kore shi. La'asar na yi sai ga wuta. Ba kullum yake dacewa ba, amma yana dacewa har dai Baba ya daina korarsa, ya koma tambayarsa kafin ya yi wa mai kaya alkawari. Mu kuwa muka laƙaba masa Mai Duba, yana kuka muna ƙarawa.

Da ya shiga jami'a sai ya karanta ilimin ƙididdiga. Inna Hure, mahaifiyarmu, ba ta taɓa iya faɗin sunan karatun ba. In maƙwabta sun tambaye ta sai ta ce, "Lissafin gobe yake karantawa." Wannan ya ja har wani malami a unguwa ya tsare shi a ƙofar masallaci, wai ya ji yana shiga hurumin gaibu. Sagir ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ko kai in ka ga hadari ya haɗo daga gabas kakan sa a kwashe shanya. To nawa hadarin lambobi ne." Malam ya yi dariya ya sake shi.

Ya sha zaman jiran aiki, ya koyar a wata makarantar kuɗi da ba ta biya sai an yi rigima, daga baya Allah ya sa kamfanin wuta ya ɗauke shi a sashen tsare-tsare. Ya yi aure, ya kama haya a Batagarawa don can ya fi sauƙi, amma duk Juma'a bayan an sauko masallaci yana Ƙofar Kwaya wajen Inna, da lemu ko kankana a leda. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, kuma yana da wata ɗabi'a mai ban haushi: in ka tambaye shi abu ba ya cewa e ko a'a, sai ya ce "mai yiwuwa". Ko abinci ka tambaye shi ya yi daɗi, sai ya yi ɗan tunani tukuna.

A gidana na Ƙofar Kaura ya taɓa yi mini bayanin aikinsa, yana cin tuwo yana zana layi da yatsa a kan tabarma. Ya ce, "Yaya, unguwa numfashi take yi." Da asuba lodi, wato yawan wutar da ake ja, ya ɗan ɗaga, ana dafa ruwa ana guga. Da hantsi ya sauka, an watse makaranta da kasuwa. Bayan magariba ya haura sama, kowa ya dawo gida, fanka da talabijin da firji da famfon rijiyar burtsatse duk a lokaci ɗaya. Ranar Juma'a daban take, da rana layin yakan faɗa ƙasa sa'ad da maza suka tafi masallaci aka rufe shaguna. Bazara daban da damina. Kuma kowace shekara ana ƙara gina ɗakuna, ana ƙara sayen firji, don haka duk layin yana ɗan hawa a hankali. Ya ce in ka jera abin da aka ja awa bayan awa na shekaru, ka ware na yini, ka ware na mako, ka ware na shekara, abin da ya rage shi ne hayaniya, ɗan hawa da saukar da ba su da tsari, kuma daga nan za ka iya cewa bazara mai zuwa lodi zai kai tsakanin kaza da kaza.

Na ce to meye amfaninsa?

Ya ce ba yawan wutar da aka sha a wata ke kashe taransifoma ba. Wannan ɗan lokacin ne da kowa ya kunna komai tare, ƙololuwar lodi, ita ce ke dafa shi. In ka san inda ƙololuwar za ta kai kafin ta zo, ka san wanda zai ƙone kafin ya ƙone.

Abu biyu yake alfahari da su. Na farko, shi ne ya shigar da watan azumi cikin lissafin. Kwamfuta watan Bature ta sani, ba ta san azumi yana matsowa baya kowace shekara ba, ba ta san masu ƙanƙara da zoɓo suna kunna firji ba dare ba rana ba. Na biyu, ya hana a ɗauki lokacin da aka ɗauke wuta a matsayin lokacin da mutane ba sa buƙata. Ya ce, "Yaya, in kin hana yaro abinci, ba za ki rubuta cewa ba ya jin yunwa ba." Wannan kam na gane.

To ga inda maganar take. Kowace shekara sababbin taransifomomi kaɗan ake kawowa, unguwanni kuwa birjik. Yadda aka saba rabawa kowa ya sani: wanda yake da babban mutum, shi ke samu. Sagir ya bi shugabansa, Injiniya Shehu, ya yi ta naci har ya yarda a gwada wata hanya. A maƙala ƙaramar na'urar auna lodi a jikin kowane taransifoma da ake kuka da shi na 'yan makonni, a lokacin zafin nan na bayan damina, a haɗa da dogon tarihin babban layin wutar da ke ciyar da shi, a yi hasashen bazara. Wanda hasashe ya nuna zai fi ƙarfinsa, shi za a canza, ko na unguwar wa ne. Injiniya Shehu ya ce masa a fili, "Na sa wuyana. Manya ba za su so ba. In abin nan ya ba ni kunya, kujerarka ce za ta biya." Sagir ya ce ya yarda. Kujerar nan kuwa ita ce duk abin da yake so a duniya bayan Inna da iyalinsa.

Taransifoman layinmu yana cikin waɗanda za a auna. Tsoho ne tukuf, tun muna yara yake nan kusa da shagon mai niƙa, yana gurnani yana zubar da mai. Sagir bai damu ba ko kaɗan, don ya san duk wanda ya auna shi zai ga ya gaji. Bai gaya wa kowa a unguwa ba, ko Inna, ko ni. Ya ce in mutane suka san ana auna su sukan canza hali. Ma'aikata biyu suka zo da tsani wata safiya, suka ɗaura wani ɗan akwati mai ƙyaftawa, suka tafi.

Sai Alhaji Lado.

Alhaji Lado abokin Baba ne, dillalin filaye, shugaban kwamitin unguwa tun ban san ranar da aka zaɓe shi ba, in ma an taɓa zaɓensa. Mutum ne da bai taɓa cewa "ban sani ba" a rayuwarsa. Ya tsaya a gindin taransifoma ya ɗaga kai ya kalli akwatin, ya gyaɗa kai, shi ke nan ya gama ganewa. Layinmu yawancin gidaje ba mita, kintace ake yi a kawo takarda. Kuma akwai abin da muka saba tun kaka da kakanni, ba a Ƙofar Kwaya kaɗai ba: in an ce masu wuta sun shigo layi, sai a cusa dutsen guga ƙarƙashin gado, a lulluɓe firji da zane a ɗora kwanuka, a kashe fanka, kowa ya yi fuskar talaka. Ma'aikaci ya leƙa ya ga ƙwan fitila ɗaya, ya rubuta kaɗan. Alhaji Lado ya bi gida gida ya ce wannan akwatin ɗan leƙen asiri ne, ba ya barci, ba ya karɓar na goro, kuma duk abin da ya gani shi za a ɗora wa layi har abada. Saboda haka kowa ya kashe komai sai an cire shi, kuma kada wanda ya yi maganar da Sagir, don kada a sa yaro cikin tsaka mai wuya da wurin aikinsa.

Kuma suka bi! Jama'a, layi guda cur, da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti a ciki, ba wanda ya ce bari in tambaya. Masu ƙanƙara suka huta. Mai walda ya koma janareta. Aka koma gugar gawayi. Aka kwana a tsakar gida ana fifita da mafici, wuta na nan a bango tana jira.

Sagir yana zuwa Juma'a ya tarar da Inna a zaune tana gumi, fanka a tsaye. Ya ce, "Inna, babu wuta ne?" Ta ce, "Bar ni da iskar Allah, Auta, ta fi lafiya." Ya ajiye kankana ya tafi. Ni ma ban sani ba, lokacin ina fama da jinyar uwar mijina, ban leƙa gida ba sai dai gaisuwa a waya.

Da aka ciro akwatin, lambobin suka nuna layinmu ko rabin ƙarfin taransifoman ba ya ja. Sagir bai yarda ba. Ya sa aka gwada na'urar a wani wuri, lafiyarta ƙalau. Ya sake lissafi ta wata hanya, amsa ɗaya. Ya gaya mini daga baya cewa ya daɗe yana kallon zanen lodin a kwamfuta, zuciyarsa na ce masa ƙarya ne. Amma unguwarsu ce. In ya ce bai yarda da lambar Ƙofar Kwaya ba alhali ya yarda da ta kowa, me za a ce? Ya rubuta abin da ya gani. Sabon taransifoma ya tafi wata unguwa.

Alhaji Lado ya tare shi ranar Juma'a a ƙofar gidanmu, da mutane a bayansa. "Sagir, ashe haka za ka yi mana? A gindin taransifoman nan aka yanke cibiyarka!"

Sagir ya cire hula ya ce, "Baba Alhaji, na'urar da aka sa ce ta nuna ba ku jan wuta sosai. Da ita aka yi rabon."

Nan fa ya kamata wani ya buɗe baki. Duk waɗanda ke tsaye a wurin sun san abin da suka yi. Sai aka kalli ƙasa, aka kalli sama, Alhaji Lado ya gyara babbar riga ya ce, "To, Allah ya kyauta," aka watse. Daga ranar labari ya fita cewa ɗan Malam Aliyu ya sayar da unguwarsu. Waɗanda suka kashe fankokinsu da hannunsu, su ne suka fi kowa yaɗawa.

Bazara ta zo da azumi a cikinta, kamar yadda ya faɗa. A sauran unguwanni hasashensa ya yi daidai, har Injiniya Shehu ya fara yi masa murmushi. A layinmu kuwa, farkon azumi ana cikin shan ruwa, aka ji wata ƙara kamar an fasa tayar babbar mota, hayaƙi ya tashi, mai ya malale a ƙasa. Taransifoman da takardar Sagir ta ce yana da sauran ƙarfi ya ƙone ƙurmus.

Aka yi makonni ba wuta, ba ruwan burtsatse. Inna na da hawan jini, zafi na kayar da ita, sai na zo in ɗauke ta zuwa gidana. Ina haɗa mata kaya na durƙusa in jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado, sai hannuna ya taɓa wani ƙunshi. Na kwance. Dutsen guga ne da butar dafa ruwa ta wuta, an naɗe su da tsohon zane an ɗaure tam.

Na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta ce, "Au, tun lokacin akwatin nan ne, na manta da su." Ta kwashe labari duka ta ba ni, tana murmushi, ita a ganinta abin kirki ta yi. "Ni na fi kowa kiyayewa hwa. Ko fitila ban kunna ba sai in zan yi salla. Gidan ma'aikaci ne, in aka ga muna shan wuta da yawa sai a ce yana satar ma uwarshi. Ai don shi na yi."

Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Na rasa wanda zan zaga. Tsohuwa mai hawan jini ta yi makonni tana dahuwa a ɗaki don ta kare ɗanta, kuma da wannan dahuwar aka yanka shi. Na kira Sagir na ce ya zo yanzu yanzu. Ya zo, na ajiye masa dutsen gugar a gabansa na faɗa masa komai, ina faɗa ina huci. Na zaci zai tashi ya nufi gidan Alhaji Lado. Ina! Ya ɗauki dutsen gugar yana jujjuyawa, can ya ce, "Shi ya sa babu tashin asuba a zanen lodin. Na ga babu, na kasa gane dalili." Wai shi abin da ya dame shi ke nan. Na ce Allah ya shirye ka, Mai Duba.

Aka yi karo-karo aka sake naɗe wayoyin cikin tsohon taransifoman aka mayar, ya ci gaba da gurnani. Sagir ya koma wajen Injiniya Shehu ya faɗi gaskiyar abin da ya faru, ya roƙi a sake auna layinmu in zafin bayan damina ya dawo. Injiniya bai so ba. Manyan da aka hana unguwanninsu sun riga sun fara kai ƙara sama, suna nuna Ƙofar Kwaya suna cewa ga lissafin naku nan ya ƙone. Amma ya yarda, ya ce wannan ne na ƙarshe.

Wannan karon Sagir ya ce ɓoyewa ce ta jawo, bari ya yi bayani. Ya tsaya a ƙofar masallacin layi bayan la'asar, mijina na wurin, shi ya ba ni labari. Ya ce akwatin ba ruwansa da takardar kuɗin kowa. Ya ce abu ɗaya yake roƙo: kowa ya yi yadda ya saba. In kana jin zafi ka kunna fanka, in ka gama ka kashe. Kada a rage, kada a ƙara. Ya maimaita har ya gaji. Aka ce masa an ji, Allah ya yi albarka, Allah ya ji ƙan Malam Aliyu.

Yana hawa babur ɗinsa Alhaji Lado ya tara mutane. Ya ce yaro ne, ba zai iya faɗa a fili ba saboda aikinsa, amma mai hankali ya gane. Bara mun kashe mun faɗi. Bana sai mu kunna mu ci.

Wannan na gani da idona. Na zo gida wata Laraba da hantsi, tun daga bakin layi nake jin abin ba daidai ba. Ƙwayayen fitila a kunne a ƙofar kowane gida, rana tsaka. Mai walda yana ta ƙona wani guntun ƙarfe da ba na kowa ba. Injin niƙa na juyawa ba hatsi a ciki. Wata maƙwabciyarmu ta tafasa ruwa ta zubar a kwata ta sake ɗorawa. Na shiga gidanmu na tarar da Inna a ɗaki, fanka na gudu, talabijin na ihu ba mai kallo, buta na tafasa, har da hitar ɗumama ɗaki da ta aro, a cikin wannan zafin. Ita kuma ta fito da rigunan Baba da suka shekara goma a adaka tana ta goge su, gumi na ɗiga daga haɓarta.

Na fizge wayoyin daga bango ina ihu. Ta ce, "Mi na yi kuma? Alhaji ya ce wanga karon haka Auta ke so."

Ban ko gyara mayafi ba na nufi gidan Alhaji Lado. Na same shi a dakali yana sauraren rediyo, wani rediyon kuma na yi a zaure. Abokin ubana ne, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, lafiya, gajiya, iyali, sannan na ce, "Baba Alhaji, me yaron nan ya yi maka? Ya ce ku zauna yadda kuke. Zama yadda kuke ma sai an koya muku?" Ya dube ni ya ce, "Suwaiba, harkar hukuma ba a yi mata gaskiya tsirara. Mun girme ku a wannan." Na ce to Allah ya ba ku abin da kuka shuka, na tashi. Na kira Sagir a hanya. Ya zo da gudu ya bi gida gida yana roƙo, ana ce masa to, yana fita ana mayar da filogi. Ai an riga an yi kwanaki ana abin.

Ya nuna mini zanen lodin a wayarsa daga baya. Na sauran unguwanni yana hawa yana sauka. Namu a miƙe yake a can sama kamar katako, safe da rana da yamma. Ko ranar Juma'a da aka tafi masallaci bai motsa ba, don an bar komai a kunne an fita.

Injiniya Shehu ya kalla ya ce, "Sagir, wace unguwa ce ba ta zuwa Juma'a?" Sagir ya faɗi gaskiya, kamar kullum. Amma an riga an kai labari cewa an gan shi a ƙofar masallaci yana yi wa 'yan unguwarsu huɗuba kafin a sa na'ura. Waɗanda ke jiransa suka samu abin da suke so. Aka ce bara ya yi kuskure, bana ya yi maguɗi. Ba a tsaya duba sauran unguwannin da hasashensa ya ceci taransifomominsu ba. Aka tattara tsarin aka ajiye, aka koma rabon wa ka sani. Shi kuma aka ɗauke shi daga kujerarsa aka tura shi sito, wurin ajiyar wayoyi da turaku, yana buɗe ƙofa yana rufewa. Tsohon taransifoman da aka naɗe bai ko kai bazara ba, wannan gashin da aka yi masa ya ƙarasa shi.

Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? Da siyasa ta matso, Alhaji Lado ya bi wani mai neman kujera, aka kawo sabon taransifoma a bayan mota, aka kafa rumfa, aka yi jawabi, aka rubuta sunan mai bayarwa da jan fenti. Daga siton da Sagir ke tsaro aka fito da wayoyin, shi ya buɗe musu ƙofa. Yau in ka shiga layinmu za a ce maka Alhaji Lado ya yi abin da ɗan boko ya kasa. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce wa yaron nan yi haƙuri, ko mutum ɗaya. Na tambaye shi ko wannan sabon zai ɗauki layin. Ya yi ɗan tunaninsa ya ce, "Mai yiwuwa bazara biyu. Ƙarami suka kawo." Na ce ka gaya musu mana! Ya ce wa zai tambaye shi.

Har yanzu yana lissafinsa. Matarsa Khadija ta ce in ya dawo daga sito yakan buɗe tsohuwar kwamfutarsa ya zuba lambobin da wani abokin aikinsa ke turo masa, ya yi hasashen da ba mai karantawa. Ya rame, ya ƙara shiru. In na fara zagin mutanen layi sai ya ce, "Yaya, ba mugunta ba ce. An daɗe ana cutarsu, shi ya sa ba su yarda akwai abin da ake aunawa don amfaninsu ba." Ni dai ban kai wannan haƙurin ba, kuma ba na nema.

Inna ce ba ta warke ba. Ba wanda ya ce mata ita ta jawo, amma ta ji an ce an cire shi daga ofis, ta kuma haɗa da kanta. Juma'ar da ta wuce ina gidan, zafi kamar a cire fata, ga wuta an kawo. Muna zaune a ɗakinta Sagir ya yi sallama ya shigo da kankanarsa a leda. Tana jin muryarsa ta miƙe da ƙyar ta dafa bango ta kai hannu kan makunnin fanka, ta tsaya a nan, ba ta danna ba. Ta dube shi kamar yarinyar da ke tsoron duka.

Ta ce, "Auta, in kunna ko in kashe? Faɗa mani wanda ba zai ja maka ba."

Ya ajiye ledar. Ya je ya ɗora hannunsa a kan nata ya danna, fanka ta fara juyawa. Ya ce, "Inna, in kina jin zafi ki kunna. Ba mai aunawa yanzu."

Ta zauna a ƙarƙashin iskar tana kallonsa. Ni kuwa na ɗauki kankanar na fita tsakar gida neman wuƙa, don ba na so su ga fuskata.